Jimar Haƙorin Hulda

Tanut, Litinin, farkon watan Nuwamba

Zuwa ga matata Hulda,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya yayanki Timothy da iyalinsa, yaya gajiyar kaka? Na ji an ce hatsin kwarin Tarka ya yi kyau bana, na gode wa Allah. Mu nan ruwa ya ɗauke da wuri, kuma da yake ni ke karanta ma'aunin ruwan sama na sarwis ɗin gona, wato ma'aikatar noma da nake aiki, kowa ya gan ni sai ya tuhume ni kamar ni na ɗauke shi. Ɗiyarmu Imani ta kira daga Maradi, karatu lafiya, tana tambayarki.

Na koma ga takarda ne domin na gane ba ki son salula. In na kira, Timothy ke ɗauka, ya ce kina gona ko kina rijiya. Ban yi fushi ba. Na san iska tana fita ta giɓin haƙorinki in kina magana, kuma a salula kike jin ta fiye da ko'ina. Hamma direba ya yarda ya riƙa kai miki wasiƙa duk sa'ad da zai je kasuwar Belbeji, ya karɓo amsa in akwai.

Kin ce za ki je taya Inna noma. An yi shuka, an yi noma, an yi maimai, ga shi yanzu ana ɗaurin dami. Ba gori nake miki ba. Gidan ne ya yi shiru, har na fara yi wa kaji magana.

Na daɗe ina juya ranar Ista a raina. Kina gaban matan zumunta kina ba da waƙa suna amsawa, kika kai wurin da murya take hawa, sai cikon haƙorinki ya fita ya faɗi a siminti. Daga bencin maza ban ga faɗuwarsa ba. Hannunki kawai na gani ya tafi baki, waƙar ta ci gaba babu mai ja. Matar Fasto da ta tsince shi ta ƙulle a bakin zane ta kawo miki har gida, alheri ta yi nufi, na sani, ke ma kin sani. Ni kuwa abin da na iya faɗa shi ne ba komai. Karo na biyu ke nan yana faɗuwa tun da hannun famfo ya fasa miki haƙorin, kin sha hanyar Damagaram har sau biyu a kansa, amma mijinki ya ce ba komai. Da komai, Hulda. Faɗarsa ce ban iya ba.

Ga dalilin wasiƙar. Wata likitar haƙori ta zo daga Damagaram, Dokta Radiya, za ta yi ƴan makonni tana aiki a nan. Na san kin rantse ba za ki ƙara buɗe wa kowa baki ba, kuma ban ce ki zo ba tukuna. Ni zan fara zuwa. Ina da wata tsaga a gindin fiƙata ta sama, wadda take mini zogi in na sha ruwan randa, ita ce hujjata ta shiga layi. In na shiga zan tambaye ta abu ɗaya: me ya sa naki yake faɗuwa? Duk abin da ta ce zan rubuto miki yadda ta faɗa, ko da ba zai yi mana daɗi ba.

Mai yiwuwa ina shiga abin da ba ki sa ni ba. In haka ne, ki gaya wa Hamma, zan bari.

Ki gaishe da Inna da kyau.

Naki,
Gayus


Tanut, Laraba

Hulda tawa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gida. Hamma ya ce ya ba ki takardar hannu da hannu, kin karɓa, kin sa a lalita. Bai kawo amsa ba, amma bai kawo hani ba, to da wannan na je.

Dokta Radiya yarinya ce a kaina, amma ba ta da gaggawa. Ta ce tsagar fiƙata ni na yi ta da hannuna, don ina goga asuwaki kamar mai kankare tukunya. Da na ba ta labarinki, sai ta jawo takarda ta zana mini haƙori. Ta ce farin da muke gani ɓawo ne kawai, mai ƙarfi kamar tangaran, kuma gam yana kama shi da kyau. Amma in haƙori ya fashe da zurfi irin naki, an kai ga ƙashin da ke ƙarƙashi, shi kuwa ba dutse ba ne zalla. Akwai saƙar wani siririn zare a cikinsa, wanda suke kira kolajen. In za a yi ciko, ana shafa wani ruwa mai tsami ya buɗe saƙar, gam ya shiga tsakanin zaren ya daskare, ciko ya zauna a kai. To zaren nan cikin damshi yake kullum, kuma haƙorin kansa yana da wani abu da yake cin zaren a hankali da zarar an tone shi. A kwana a tashi sai zaren ya ruɓe daga ƙasa. Gam ɗin yana nan da ƙarfinsa, abin da ya riƙe ne ya tafi.

Ba waƙarki ce ta fitar da shi ba. Na tambaya, na kuma sake tambaya. Ta ce ko shiru kika yi ranar, da zai faɗi a cikin tuwo.

Sai ta nuna mini wata ƴar kwalba mai ruwa ja-ja, wanda aka tatso daga ƙwayar inabi. Ta ce ana shafa shi kafin gam, ya ɗaure zare da zare su yi tauri, su daina saurin ruɓewa. Ta ce zaren haƙori da zaren da ke cikin fata dangi ɗaya ne, aikin wannan ruwan kuwa kusan irin aikin da jima take yi wa ɗanyar fata ne. Ta ƙara da cewa har yanzu masana suna kan gwada shi, ba ta sa wa kowa sai ta yi masa bayani ya yarda. Na ce ta fara da ni. Ta ba ni rana mako mai zuwa.

Daga can ban koma buro bakin aiki ba, majema na wuce wurin maƙwabcinmu Gajere. Yana hango ni ya ce, “Malam Gayus, yau kuma wari sarwis ɗin gona ya aiko ka aunawa?” Na ce ya nuna mini bambancin fatar da aka jeme da wadda ba a jeme ba. Ya shuro mini wani guntun ɗanyar fata da ya kwana cikin ruwa, ya yi laushi yana ɗoyi, sannan ya miƙo mini tsohon guga wanda ya ce tun yana saurayi yake shiga rijiya yana fita. Ya ce duk aikin bagaruwa ne. Da na gaya masa dalilina, ya yi dariya har ya zauna a bakin kwatarniya. Ya ce ya jeme akuya, ya jeme raƙumi, amma bai taɓa jeme Kirista ba. Duk da haka ya cika mini aljihu biyu da bagaruwa, ya ce in gaishe ki, matarsa Balki tana kewar mai taya ta hira ta kan katanga.

Ga abin da na lissafa, ki duba ko da kuskure. In shafawa ta ɗan lokaci tana ƙarfafa zaren, to wanda ya yi makonni yana kurkure baki da ruwan jima zai je wa likita da zare mai ƙarfi tun daga gida. Ban tambayi Dokta ba, layi ya yi tsawo kuma na riga na cinye mata lokaci. Amma na juya maganar ta kowane gefe ban ga inda ta karkace ba. Na fara tun shekaranjiya: a daka, a tafasa, a tace, a kurkure safe da yamma, ba a haɗiyewa. Yana da bauri, yana ɗaure harshe, amma ana jurewa.

Na ba Hamma ƙulli ɗaya ya kawo miki. Ba dole. In ba ki so, ki ba Inna, ta san amfaninsa.

Naki har kullum,
Gayus


Tanut, Juma'a

Hulda,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da kowa, da fatan kuna lafiya. Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajera ce, domin Hamma ya riga ya ta da mota, kuma makon jiya bai je ba sam, taya ta fashe masa.

Kada ki taɓa bagaruwar nan. Lissafina ya karkace.

Na je ranar da aka ba ni, na hau kujera na buɗe baki. Dokta ta duba, ta ja da baya, ta sake dubawa. Ko da ƙyallen da ta rufe hanci da shi na ga kafaɗunta suna rawa. Ta ce, “Malam Gayus, wa ya ce ka jeme bakinka gaba ɗaya?” Ashe haƙorana sun koma kalar shayin Buzaye. Madubin gidanmu yana ɗakinki, ni kuwa ba na shiga ɗakin tun da kika tafi, shi ya sa ban gani ba. Abokan aiki sun gani, ba wanda ya gaya mini.

Ta ce zaren a rufe yake cikin haƙori, ruwan kurkura ba ya kai masa sai likita ya buɗe wurin. Abin da bagaruwa ta yi kawai shi ne rina bayan haƙoran. Na kwalbarta kuwa tacacce ne, a aune, ana ɗiga shi daidai wurin, ya ɗan jima, a wanke. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce laifinta ne da ta kawo misalin jima ta bar shi a hannun mutum mai son lissafi. Ta goge mini su da injinta har suka dawo, sannan ta yi aikin. Ba zafi. Ta shanya wurin da iska, ta shafa wannan, ta shafa wancan, ta haska wata fitila mai shuɗin haske, shi ke nan. Na sha ruwan randa da na koma gida, ban ji komai ba.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ba ki amsa ko ɗaya daga cikin wasiƙuna ba, don haka na san ƙullin yana nan yadda Hamma ya kawo shi. Wannan ne karo na farko da shirunki ya yi mini daɗi.

Saura magana ɗaya, wadda na rubuta na soke na sake rubutawa. Ruwan inabin yana barin alama. A inda ciko ya haɗu da haƙorina akwai wani siririn layi, ja-ja, kamar zaren da aka tsoma a ruwan goro. Daga nesa ba a gani. Wanda ya matso, in na yi dariya, zai gani. Dokta ta ce a naki za ta sa shi can ciki kawai ta rufe da fari, mai yiwuwa ya ɓuya, mai yiwuwa ya ɗan nuna, ba za ta sani ba sai ta ga haƙorin. Ta kuma ce ba za ta yi miki alkawarin shekaru ba, domin shekarun ne kaɗai za su faɗa. In kin fi son irin na da, fari tas, za ta yi miki shi.

Zuciyata ta ce in ɓoye miki maganar layin har sai kin zo. Na san yadda kike da bakinki. Amma sau biyu ana ce miki wannan karon ya zauna har abada, ba na so in zama na uku. Gara ki ƙi zuwa kina sane.

Dokta za ta koma Damagaram ranar Asabar ta sama. Ba ta san ranar dawowarta ba. In kin zo kika ga nawa bai yi miki ba, ni da kaina zan mai da ke Belbeji, ba zan ce komai ba. Kuma in giɓin kika zaɓa, ki dawo da shi. Ni ba haƙori na aura ba. Wannan ma da tun ranar Ista na faɗe shi.

Mijinki,
Gayus


Tanut, Litinin, farkon watan Disamba

Zuwa ga Inna,

Ina durƙusawa ina gaishe ku, da fatan kun tashi lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Yaya sanyi, yaya aikin kaka? Timothy, kai da za ka karanta wa Inna wannan, ina gaishe ka, ka karanta duka, kada ka tsallake inda aka ambace ka.

Hulda ta iso lafiya ranar Laraba da la'asar. Na san ta fito ba ta yi muku cikakken bayani ba, ta ce kwana biyu za ta yi ta koma sussuka, shi ya sa na ga ya kamata ku ji daga gare ni.

Ta sauko daga motar Hamma da mayafi har hanci, ba ta ce mini ko sannu ba sai da muka shiga ɗaki ta tura ƙofa. Sannan ta sauke mayafin. Inna, kun riga ni gani, ba sai na kwatanta ba. Haƙorana kalar shayi suka yi, nata kuwa kamar ta tauna gawayi. Wasiƙata ta hani ba ta isa da wuri ba. Ta ce tun ranar da ƙullin ya iso ta fara, safe da yamma yadda na rubuta, ta ƙara da na azahar don kanta. Ta ce ku kuka ba ta tsohuwar tukunyar ƙarfe mai tsatsa don kada ta ɓata ta miya. Ba laifinku ba ne ko kaɗan. Gajere majemi ya ce bagaruwa in ta haɗu da ƙarfe, ai shi ne baƙin da suke rina fata da shi. Ya ce da mun tambaye shi da ya gaya mana, kuma wai yanzu ya jeme Kirista biyu.

Na tsaya ina kallonta, ya kamata in ji kunya, kuma na ji. Amma abin da ya fi ƙarfi a raina wani ne. Ni ina nan ina cewa ko buɗe takarduna ba ta yi, ashe tana can bayan rumbu tana kurkure baki da abu mai bauri sau uku a rana, don kawai ni na ce. Na tashi na kawo mata ruwa.

Washegari muka je. Dokta Radiya ba ta yi dariya ba wannan karon, ta riƙe hannunta ta ce, “Yaya, duk wannan a waje yake, zai fita.” Ya kuwa fita, amma dasashin ya yi jini wajen gugar, ta ce gam ba ya kama wuri mai jini, sai a jira. Muka jira har safiyar Asabar, an riga an fara ɗaure kayan Dokta ana kaiwa mota. Ta sa aka kwance akwati ɗaya.

Kafin Hulda ta hau kujera, ta ja ni waje cikin rana, ta ɗaga mini leɓe da yatsa a gaban mutanen da ke layi, kamar mai taya rago a kasuwa. Ta daɗe tana duban layin nan. Sannan ta ce, “Baban Imani, da wannan ɗan abin kake ta tsorata ni?” Ta koma ciki ta ce wa Dokta a sa mata irin na mijinta.

An yi. Haƙorin ya cika, ya yi daidai da ɗan'uwansa. In mutum ya matso sosai cikin haske, akwai ɗan duhu kaɗan a gefe ɗaya, ta gani, ta ce ta gani. Ko zai daɗe, ba mu sani ba. Dokta ta hana ta fasa goro da ɓare rake da shi, ta ce ta neme ta a Damagaram bayan damina ta duba.

Da muka dawo gida ta fara mini faɗa. Ta ce wane irin mutum ne zai ba matarsa magani bai tambayi likita ba. Ta ce na bar tukwanenta sun yi ƙura, na bar zogalen bayan ɗaki ya bushe, na rame kamar ba a sayar da abinci a Tanut. Ta ce wasiƙuna sun yi tsawo, kuma kai Timothy ka cika son leƙa abin da ba naka ba. Tun tana hura wuta take yi har tuwo ya nuna. Balki ta leƙo ta kan katanga don ta ba da haƙuri, aka haɗa da ita. Ni ban kare kaina ba ko sau ɗaya, Inna, domin na ji tsoron in na ba da haƙuri za ta yi shiru.

Jiya Lahadi ta je majami'a. A bencin baya ta zauna, ba ta ba da waƙa ba, ban kuma tambaye ta ba.

To ga roƙona. Ku yi haƙuri da maganar sussuka, Hulda ba za ta biyo motar wannan makon ba. Ni zan zo ranar hutuna in taya Timothy ɗora jinkar rumbu. Na gode da riƙon da kuka yi mata duk tsawon daminar nan, lokacin da ni ban san yadda zan riƙe ta ba. Ku ba Hamma akwatinta da tabarmarta. Ta ce kuma a haɗo da tulun da take kaɗawa in matan zumunta suna waƙa, yana ƙarƙashin gadonku. Ta ce a naɗe shi da zane, kuma Hamma ya ɗora shi a gaba kusa da shi, kada ya sa a bayan mota.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Ɗanku,
Gayus